Kwanson da Ya Wanke Malam Isufu

Cikin duk ranakun aikina, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka kusa korar Malam Isufu daga kulob ɗin harbi. Ku da kuka shigo aikin shara a bayana, ku saurara.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina share wani kulob na masu harbin nishaɗi a gefen Saint-Fons, kusa da Lyon. Litinin, Alhamis da safiyar Asabar nake zuwa. Bayan shara da goge-goge, ni ke tattara kwanson harsashi. Ba a zubar da su. Ana ware su, kowane iri da bokitinsa, don masu harbi suna sake cika su. Ban iya karanta abin da aka buga a gindinsu ba, amma ɗora mini ɗaya a tafin hannu, ko idona a rufe zan gaya maka bokitinsa.

Malam Isufu ɗan Tawa ne, injiniya a wata masana'anta ta unguwar. Ya sayi irin bindigar nan ta kaboyi, doguwa, mai hannun ƙarfe a ƙasa: a tura shi gaba a mayar, kwanso ya yi tsalle ta sama ya wuce kafaɗa. Sai dai tasa harsashin ƙaramar bindiga take ci, iri ɗaya da na fistol ɗinsa. Nan tsofaffin kulob suka samu abin yi wajen shan kofi. Kan gaba shi ne Mushe Gaston, mataimakin shugaba, wanda shi ma yake da ta kaboyi, amma mai babban harsashin farauta.

"Doguwar bindiga da harsashin fistol?" in ji shi. "An ɗora injin ɗan babur mobilet a jikin babbar mota kamiyo ke nan."

Isufu ya ce, "Ba ta dukan kafaɗa, kwali ɗaya ya ishi bindigogina biyu. Takarda nake harbi, Mushe, ba giwa ba." Ya juyo gare ni da Hausa: "Inna, ke me kika gani?"

Na ce, "Duk bindigar da ba ta ƙara mini bokiti ba, mutuniyar kirki ce. Ɗaga ƙafarka in goge."

To, akwai doka. A zauren mita ashirin da biyar ba a harba sai harsashin ƙaramar bindiga, don allon ƙarfen da ke tare harsashi a baya ba ya jure manya. Wata Litinin aka tarar da huda biyu a allon, daidai layin harbi na huɗu. Rajista ta nuna Isufu ne ya rubuta sunansa a layin ranar Asabar, kuma wani ya ce ya hango doguwar bindigar kaboyi a wurin. Shugaba, Mushe Bernar, ya kira zama ranar Alhamis. In aka kori mutum, babu sa hannun kulob, hukuma ta karɓe izininsa na riƙe bindiga, ya rabu da bindigoginsa, sunansa kuma ya ɓaci.

Ni abin da ya fara tsaya mini shi ne na iske layi na huɗu a share tas. Tun da nake wurin ban taɓa ganin ɗayansu ya ɗauki tsintsiya ba a sa shi ba. Na durƙusa na zura sanda bayan ƙarfen ɗumama ɗaki, inda kwanson irin bindigogin nan ke faɗawa. Biyu suka fito, dogaye, bakinsu a tsuke kamar kwalba. Na Isufu gajeru ne, miƙaƙƙu kamar yatsa. Masu bakin kwalba kuwa mutum ɗaya ke harba su, har gwangwanin tumatir na ware masa don nasa ba su isa bokiti ba.

Ranar Alhamis na shiga biro, wato ofishin shugaba, da bokitina. Isufu na zaune, fuska duk ta faɗa. Mushe Bernar ya ce, "Madam Rabi, an jima, muna zama."

Na ce, "Na sani." Na ajiye kwanson a gaban Mushe Gaston. "Naka ne, ka bar su a layi na huɗu. Sharar taka ba laifi, amma ba ka leƙa bayan ƙarfe ba."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce shi dai bayan tafiyar Isufu ne ya so ya nuna wa wani baƙo yadda bindiga ta gaske ke ƙara. Aka dakatar da shi wata uku. Da ya dawo, sai ga shi da sabuwa ta kaboyi mai harsashin fistol, wai likita ya ce ya tausaya wa kafaɗarsa.

Isufu ya biyo ni har bakin famfo yana godiya. Na ce ya bar godiya, ya riƙa goge takalminsa a ƙofa.

Abin da na koya shi ne, masu bindiga sun san sunan kowace da tarihinta, za su yi shekara suna gardama a kanta, amma babu mai duba ƙasa. Ku masu shara, kada ku yi aiki da hannu kaɗai. Ku san abin da kuke kwashewa da wanda ya zubar da shi, don wata rana mutuncin wani na cikin abin da tsintsiyarku za ta jawo.