Dokta Baballe Misau da Dokar Shekara Sittin

Haihuwa da asali

An haifi Abdulhakim ɗan Malam Ɗanbaba a shekarar 1955 a garin Misau, cikin jihar Bauchi ta yanzu. Mahaifinsa malamin gona ne a En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, mahaifiyarsa kuwa Zuwera, mutuniyar Dambam ce. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake yi masa alkunya da Baballe, kuma laƙabin ya bi shi har kabari. Waɗanda suka san shi tun yana ƙarami sun ce yaro ne marar hayaniya, amma idan ya kafe a kan magana, to, sai dai a haƙura.

Neman ilimi

Bayan ya sauke Alƙur'ani, an sa shi firamare a 1962, ya wuce sakandare a Bauchi a 1969. A shekarar 1974 ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sashen Kongo, inda ya karanci ilimin gudanar da mulki. A nan ya yi digiri na biyu a 1985, ya kuma kammala na uku a 1994, a kan yadda ake raba iko tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi.

Aiki da iyali

Ya fara aiki a 1979 a matsayin jami'in mulki a ma'aikatar ƙananan hukumomi, daga baya ya koma koyarwa a Zariya. Abin da ya tsana a duniya bai wuce tazarce ba, wato mutum ya cika wa'adinsa ya ƙi tashi daga kujera. Ya ga manya suna rage shekarun haihuwarsu don kada ritaya ta riske su, alhali matasa na zaune a gida da takardunsu, kuma wannan abu yana ƙona masa rai ƙwarai.

A 1981 ya auri Fausatu, malamar makaranta daga Azare. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Tafiya Doha

A shekarar 2006 wata cibiya mai zaman kanta a Doha ta ɗauke shi aiki na musamman. Akwai wata ƙasa da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita, wadda iyalinsa suka roƙi kada a ambaci sunanta a nan. Ma'aikatan gwamnatinta da dama sun yi gudun hijira zuwa Qatar, mutane masu shekara arba'in zuwa hamsin, waɗanda suka riga suka goge a aiki. Manufar cibiyar ita ce a horar da su a kan tsarin tarayya da dimokuraɗiyya, domin ranar da aka ajiye makamai a samu waɗanda za su riƙe ma'aikatun jihohi. Kwantiragin shekara biyu ya sa wa hannu.

Rukunin farko su ne suka shiga ransa. Da rana wasunsu akawu ne a garejojin Sana'iyya, unguwar masana'antu ta Doha, wasu direbobi, da yamma kuma su sa kwat su hallara a wani ɗaki a unguwar Mirƙab, ya koya musu tsara kasafin jiha, da ladabin ma'aikaci ga zaɓaɓɓen shugaba, da yadda jiha ke jayayya da tarayya ba tare da an ɗauki bindiga ba. Jagoransu shi ne Mudasiru, tsohon darakta a ma'aikatar lafiya ta ƙasarsu, wanda a Doha yake kula da wani sito na tayoyin mota. A 2009 shi da su suka rubuta daftarin dokokin aikin gwamnati na ƙasar da suke fata. Baballe ne ya kawo shawarar abin da ya sani a gida, cewa duk wanda ya cika shekara sittin ya sauka, babu togaciya ga kowa. Suka amince baki ɗaya har da tafi, don a lokacin kowa na ganin komawa gida saura ƙiris.

Shekarun jira

Yaƙi bai ƙare ba. Shekara biyu ta zama biyar, biyar ta zama goma, rukuni na bin rukuni. Fausatu ta zo ta zauna da shi a 2010, amma zaman bene babu maƙwabciyar da za a leƙa ya gagare ta, ta koma Zariya wajen yara. Duk shekara yakan ce mata bana ce ta ƙarshe, yana so kawai ya ga mutanensa sun kama aiki. Ta rasu a 2017, ya iso an riga an rufe ta. Wannan abu bai taɓa barin zuciyarsa ba, ko da yake ba ya zancensa.

Daga nan rayuwarsa ta taƙaita ga aji da masallaci. Ranar Juma'a yakan ci abinci a gidan Mudasiru, kuma wannan cin abincin shi ne kaɗai abin da ya rage masa mai kama da zaman gida.

Shekarar 2023

A farkon 2023 aka cimma sulhu a wasu yankunan ƙasar, kwamitin riƙon ƙwarya ya karɓi daftarin nan yadda yake, ya nemi cibiyar ta turo ma'aikata. Sai dai kash, 'yan rukunin farko kusan duka sun haura sittin. Dokar da suka tafa wa ita ta rufe musu ƙofa.

Suka taru suka same shi, Mudasiru na gaba, suka roƙi ya shaida wa kwamitin cewa a yi musu togaciya ko ta shekara uku ce, tunda shekarunsu a gudun hijira suka ƙone, ba a kan kujera ba. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma kwamitin na jin tasa. Ya daɗe yana juya al'amarin a ransa. Daga ƙarshe ya shaida musu cewa ba zai iya ba, domin ƙasar da ta fara da togaciya a ranar farko ba za ta daina ba, gobe wani mai bindiga ne zai nemi tasa. Mudasiru ya dube shi ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya Dokta. Amma kai shekararka nawa, kake nan kan kujerarka?"

A lokacin yana da sittin da takwas. Bai yi musu ba, ya ce gaskiya ce. A watan ya ajiye aiki, ya miƙa ajin ga wata tsohuwar ɗalibarsa. Amma ajiye aikin bai sayo masa komai a wajensu ba. Gayyatar Juma'a ta yanke, idan an haɗu a masallaci sai a kau da kai. Ƙananan rukunai suka tafi suka kama aiki, manyan suka ci gaba da zama a garejoji da sito-sito.

Ƙarshen rayuwa

Cibiyar ta bar masa izinin zama zuwa ƙarshen 2024. Ya koma wani ɗan ɗaki a Wakra, wani gari a gefen Doha, kusa da inda jiragen masunta ke tsayawa. 'Ya'yansa sun yi ta magiya ya dawo, yana cewa sai wata mai zuwa. Maƙwabcinsa Rufus, ma'aikacin jinya ɗan Kafanchan, wanda ke auna masa hawan jini, ya ce ba wani abu ya riƙe shi ba illa ƙin barin garin mutanen nan suna fushi da shi. Duk Juma'a yakan yi wanka ya sa babbar riga ya zauna, wayarsa a gefe, ko za a kira. Ba a kira ba.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa a watan Agusta na 2024, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da tara. Ya bar wasiyya kada a jinkirta shi don jiran kowa, saboda haka aka yi masa sutura washegari, 'ya'yansa ba su samu biza ba. An sallace shi bayan la'asar a maƙabartar Musaimir, sahun bai cika biyu ba, yawanci 'yan Najeriya mazauna Doha. Ɗalibansa da suka ci moriyar tsayuwarsa suna can bakin aiki a jihohinsu. Daga rukunin farko mutum ɗaya ne ya zo.

Da aka tambaya ko akwai ɗansa ko ɗan'uwansa da zai shiga kabari ya karɓe shi, ba a samu kowa ba. Sai Mudasiru ya cire takalmi ya sauka. Ya ce wa waɗanda ke tsaye har yanzu bai yarda da hukuncin da Dokta ya yanke musu ba, amma ba zai tsaya yana kallo baƙo ya kwantar da malaminsa ba. Shi ya juya fuskarsa zuwa alƙibla.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Umar Faruq, injiniyan ruwa a Bauchi, Khadijatu, likita a Zariya, da autarsu Ikhlas, wadda take aji uku na firamare lokacin da ya tafi Doha, yanzu ita ma tana da 'ya'ya biyu. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sada shi da Fausatu a gidan rahama.