Babur Marar Wurin Zama a Bayan Xintang

Daga Kano

Ana kiran assalatu muka fito daga gida a Gwammaja, ni da Kawu Garba, ƙanin mahaifiyata. Shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ce, kuma ban taɓa shiga jirgin sama ba sai ranar. Kawu yana sayar da kayan gyaran babur a Ƙofar Ruwa, ya daɗe yana zuwa Guangzhou saro kaya. Ni kuwa na yi shekaru ina acaɓa kafin ya ɗauke ni shago, kuma kowa ya san gwani ne ni a kan babur, domin ni da kaina nake faɗa wa kowa.

Gwiwoyin Kawu sun fara gajiya, har wani lokaci a kan kujera yake salla. Shi ya sa ya tafi da ni, don mutumin da yake sayen kaya a wurinsa, wani ɗan China mai suna Chen, ya gan ni ido da ido.

"Mutumin nan ba ya ciniki da wanda bai sani ba, Sani," in ji Kawu a mota. "In bai yarda da kai ba, ranar da na daina zuwa sai dai ka koma sayar da ruwan leda a shagon."

Muka bi ta Legas, muka yada zango a Dubai. Kawu ya yi ta barcinsa, ni kuwa duk sanda jirgi ya girgiza sai na nemi birki da ƙafar dama.

Sanyuanli

Saboda wasannin, an tsananta bincike. Jami'in filin jirgi ya dubi hotona, ya dube ni, ya sake duban hoton, har na fara shakkar ko ni ne. Tasi ta kai mu wani ƙaramin otal a unguwar Sanyuanli. Zafin garin mai danshi ne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba.

Maƙwabcin ɗakinmu, Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai saro takalma, shi ya kai mu wurin Musulman China masu farar hula, inda ake jan taliya da hannu a zuba mata romon naman sa. Muna ci na ce wani abu yana damuna da garin nan, na rasa mene ne.

"Moto ne ba ka ji ba," in ji Alhaji Mamman, yana nufin babur. "Tun bara aka hana su cikin gari. Bon, Bakano ba ƙarar moto, ai sai shi yi zazzaɓi."

Hanyar Xintang

Da hantsi washegari Chen ya zo da motar ɗaukar kaya. Gajere ne, mai furfura, sa'an Kawu. Kawu ya ce masa "lawban", wato maigida, shi kuma ya amsa da "Sannu, Alaji!" Suka rungume juna. Duk kalmomin da suka haɗa su, Turanci da Hausa da yarensu, ba su cika tafin hannu ba, amma suka yi ta hira har muka fita gari. Ni ko kallo biyu bai yi mini ba.

A hanya 'yan sanda suka tsayar da mu, suka duba fasfo, suka sallame mu. Muka ratsa Xintang, garin da ba abin da ake ɗinkawa sai wandon jins, ko'ina shuɗi, har a bakin titi mata na zaune suna tsinke zare. Na ɗauka ma'ajiyar kaya za mu. Sai ga mu a bayan gari, a wani tsohon wurin fasa dutse, da rafi yana gudu a tsakiya. Chen ya yaye tampol daga bayan motar, ga babura biyu.

Wurin fasa dutse

Na zagaya na farkon, siriri, ja, mai ƙyalli. Na nuna inda ya kamata a zauna, na dubi Chen.

"Meyo," ya ce, wato babu.

Ashe irin baburan hawa duwatsu ne. A tsaye ake tuƙa su, ba a neman gudu, abin da ake so kawai ka haye dutse ka ratsa ruwa ba ka sa ƙafa ƙasa ba. Ɗayan tsoho ne, fentinsa ya koɗe, shakazoba biyu masu tare girgiza a baya, da ɗan wurin zama kamar tafin takalmi.

Na tabbata Kawu zai ɗauki tsohon. Sai ya kama jan.

"Kawu, ai wannan na yara ne."

"Na gaji da tsofaffin abubuwa. Kullum da ɗaya nake kwana nake tashi." Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗaure babbar riga a ƙugu, ya cire hula ya sa ta kwano.

Tsohon nauyi ne da shi kamar buhun gero biyu. Kulochinsa sai da yatsu huɗu, birkinsa kuwa ka matse, sannan ka jira ya yi shawara. Amma injinsa ba ya fushi, yana ja a natse, dum, dum, dum. Na murɗa totur irin na Titin Katsina, na isa dutsen farko da gudu, ya dawo da ni baya. Duk sanda na sa ƙafa ƙasa sai Chen ya ɗaga yatsa ɗaya. Da yatsun suka ƙare ya sa hannuwansa a aljihu.

Can gefe ga Kawu a tsaye a kan jan, yana tafiya kamar mai bin gawa, ya haye tudu ya sauko, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Muka yi musaya. Sabon ba shi da nauyi ko kaɗan, da hannu ɗaya kana iya ɗaga gabansa. Yatsa ɗaya ya isa kulochi, yatsa ɗaya ya isa birki. Na ce yau za a ga ɗan Kano. Na saki kulochi a bakin rafi, babur ya miƙe tsaye, ya haye gaɓa shi kaɗai, ni kuma na zauna daɓas a cikin ruwa. Kawu ya yi dariya har yana riƙe ciki.

"Fasinja ya sauka, babur ya wuce!"

Dariyar ba ta daɗe ba. Kawu ya ɗauki tsohon ya nufi wani faffaɗan dutse. Ya kai rabi injin ya mutu. Ya sa ƙafa zai tare nauyin, gwiwar ta lanƙwashe, babur ya kwanta a kansa. Ban san sanda na fito daga ruwa ba. Ni da Chen muka ɗaga babur ɗin. Kawu ya rufe ido yana salati, gumi na zuba. Chen ya lallatsa ƙafar, ya ce ba karaya.

Muka zaunar da shi a inuwa. Bayan ya sha ruwa ya dafa gwiwar, ya nuna sama kamar jirgi yana tashi, ya girgiza kai. "Ni, finish, lawban." Sannan ya nuna ni.

Chen ya matso. Ya zauna kusa da shi, ya bubbuga tasa gwiwar, ya gyaɗa kai. Sun jima a haka suna kallon rafin. Daga nan ya tashi, ya dube ni sosai a karon farko, ya turo mini tsohon babur.

"A hankali," ya ce da Hausa.

Ya riƙa bina a ƙasa, hannunsa a bayana, yana nuna mini inda zan sa taya. Na sassauta totur har na ji kunya. Na shiga rafin, ruwa yana ɗiga daga rigata, na fito ta ɗaya gaɓar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Chen ya ɗaga hannu a dunƙule, ba yatsa ko ɗaya. "Madalla, Sani."

A hanyar komawa ya tsaya a Xintang ya saya mini busasshen wandon jins. Ya matse ni har zama ya gagare ni, Kawu ya ce ai yanzu na dace da babur ɗin. Na tambaye shi wanne ya fi a cikin biyun.

"Sabon ya dace da ni, don na iya amma ƙarfi ya tafi. Kai tsohon ne naka. Kana da ƙarfi, shi kuma yana da haƙurin da ba ka da shi."

Komawa gida

Sauran kwanakin ni na yi ta zirga-zirga da Chen, daga ma'ajiya zuwa wurin lodi, Kawu na otal ya miƙe ƙafa, Alhaji Mamman yana shafa masa wani man zafi mai warin kafur. Ranar tafiya Chen ya raka mu har filin jirgi, ya riƙe hannun Kawu ya ƙi saki sai da aka kira mu.

Da la'asar sakaliya muka iso Gwammaja. Matar Kawu ta ga yana ɗingishi, ta tambaya, ya ce kujerar jirgi ce. Ta dube ni. Ni kuwa na duƙufa kwance igiyar jaka kamar ba ni a wurin. Sai ta je ta ɗora ruwan gasa masa ƙafar.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Alhaji Mamman da Chen, da Kawu, wanda kafin mako ya zagayo ya gama ba duk Ƙofar Ruwa labarin faɗawata a rafi. A labarin nasa, mutum ɗaya ne kawai ya faɗi a ranar.