Ranar da Na Tsaya wa Manoman Audugar Amurka

Ko da tsufa zai sa in manta lambar bas ɗin da ke kai ni gida unguwar Catford a nan ƙasar Turawa, ba zan manta ranar da na tsoma baki a rigimar jihohin Amurka ba, ni da bokona ya tsaya a aji huɗu.

Jikata ce, wadda nake kira amarya, take karatun tarihi a wata jami'a a unguwar Bloomsbury. Aka ba ta presentation, wato jawabi a gaban malamai, ga ta da tsoron taro. Ta taɓa tsayawa gaban malamai baki ya ƙi buɗuwa, in ta sake kuwa sai maimaita shekara. Uwarta ta ce ta gwada a kaina, tunda ba abin da zan gane.

Ta fara, rabi Hausa rabi Turanci. Wai a zamanin farko jihohi sun yi ta cacar baki kan filayen gwamnatin tarayya, a sayar da arha ko da tsada, da kuma wa zai fid da wakilan zaɓen shugaban ƙasa, majalisar jiha ko talakawa. Ni dai ina ta gyangyaɗi. Sai ta zo kan harajin kayan waje: masu masaƙu na arewa suna so a ƙara, manoman auduga na kudu suna kukan an cuce su, don su ke sayen kaya da tsada.

Nan barci ya gudu. Ni ɗan manomin auduga ne, na san abin da ɗan birni ke yi wa manomi. Na gyara hula, na zuba jawabi kamar sanata, har da buga sanda, na ce ina bayan kudu ko ana ha-maza ha-mata.

Ta ajiye takarda ta ce, "Tsoho, ka san su wa ke cire audugar? Bayi ne, irinmu, da aka kwaso daga gida."

Na ajiye sandar na ce, "To, amarya, na sauya sheƙa."

Ba ta ƙyale ni ba. Ta bi hujjojina ɗaya bayan ɗaya tana rushewa, har uwarta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Ashe bakin yarinyar ba ya buɗuwa sai da abokin gardama. Na ce in ta je, duk malamin da ta gani zaune ta ɗauka ni ne. Ta ci da maki mai kyau, kuma har yau ina nan kan bakana cewa rabinsa nawa ne.

Tun daga ranar, ba na tsaya wa mai gona sai na tambayi wa ke riƙe da fartanya.