Romon Sallamar Tata Silberiyo

Tata Silberiyo Kutipa masunci ne a ƙauyenmu na bakin tafkin Titikaka, kuma iya sanina abu ɗaya ya tsana a duniya: turuca, kifin da aka kawo daga ƙasar waje aka zuba a tafkin tun Tata yana goye. Turuca ta samu wuri, ta yi ƙiba, ta bi ƙananan kifayenmu tana haɗiyewa. Boga, ɗaya daga cikinsu, wadda Tata ya tashi da romonta, ta yi ta raguwa har ta zama sai an yi sa'a, daga baya sa'ar ma ta ƙare.

Bai taɓa ɗaga murya a kan maganar ba. In turuca ta faɗa komarsa sai ya miƙa wa maƙwabta, ya wanke hannu. Da ɗansa Ilariyo ya shiga kiwonta har ya gina gidan bulo, Tata ya tare a ciki abinsa, amma dankali kawai yake ci.

Da ya rasu, wahalar ta dawo kan matarsa, Mama Fortunata. A farkon Nuwamba matattu kan ziyarci gida, kuma shekara uku a jere ake shirya wa sabon mamaci tebur da abincin da ya fi so. Shekara biyu tana cigiyar boga har tsallaken tafki, ba ta samu ba, ta ajiye masa dankali da burodi ta ba shi haƙuri. Ta ukun ita ce ta sallama, ta rantse mijinta ba zai tafi bai sha romon kifi ba. Wallahi ta ba ni tausayi.

Bana ma ba a samu boga ba, sai Ilariyo ya kawo mata turuca, ya ce wanda ya mutu ina ya ga ta tantance kifi. Ta harare shi, amma ta karɓi turucar. Ta yayyanka ta ƙanana daidai girman boga, ta cika ganyen ƙamshi da barkono, ta ɗora a tebur.

In matattu suka ci, abincin ba ya raguwa, ɗanɗanon kawai suke kwashewa su bar shi lami. Washegari da rana, bayan an raka su, ta ɗebi romon ta kai baki. Ilariyo ya tambaye ta yaya ta ji.

"Da daɗi, ɗan nan," ta ce. "Gishiri ya ji, yaji ya ji. Ubanka ko cokali bai sa ba."