Radiyya da Tsintsiyar da Ta Share Ya'u

Radiyya 'yar ƙanwata ce, a Kudan aka haife ta, kuma tun tana ƙarama take da ciwon shara. Ka ajiye takalmi a karkace, kafin ka juyo ta gyara shi. Da ta je Zariya ta karanto kwamfuta muka ce to, mun huta. Ina! Ashe can ma tsintsiya ta koyo.

Ƙungiyarmu ta manoman tumatur ta roƙe ta ta yi mana shafin intanet, shugaba ya riƙa rubuta sanarwa tana shiga wayar kowa. Ta yi, har da ƙari. Ta saka wani ɗan umarni da ke tsabtace rubutu kafin na'ura ta ajiye shi, yana kwashe duk alamar da ba harafi ba. Ta sa masa suna Tsintsiya, tana ta yi mana fankama da shi.

Muna da direba, Ya'u, wanda kowa ke kira Ya'u Gobe, don bai taɓa zuwa ranar da ya ce ba. Wata safiya shugaba ya sanar da wanda zai yi mana jigila a kakar. Ya rubuta: "Ya'u zai zo da mota." Abin da ya shigo wayoyinmu shi ne: "Yau zai zo da mota."

Kafin azahar mun tsinke tumatur kaf, kwanduna jajur a bakin titi, rana na dukansu. Babu mota, babu labarinta. Noman rani guda zai zama ruwa. Na nufi gidan su Radiyya ina huci.

Na tarar shugaba ya riga ni, yana rantsuwa daidai ya rubuta. Radiyya ta duba abin da ya tura, daidai ne. Ta duba abin da na'ura ta ajiye, ba daidai ba.

"Kawu," ta ce da ni, "tsakanin nan da can ba mai taɓa rubutu sai Tsintsiya. Alhamzar sunan Ya'u ta ɗauka datti ce."

"To gyara mana!"

"Na gyara. Amma tumatur ba ya komawa jikin uwarsa."

Ta kira Ya'u, ta faɗa masa komai. Ya yi dariya har muna jiyo shi yana tari. Sannan ya ce, "Tunda na'ura ta ce yau, ai ba na ƙaryata ta ba."

La'asar sakaliya sai ga mota tana hon. Dattawa da furfura suka bi ta da gudu kamar yara, ni ma hulata a hannu. Radiyya na tsaye tana dariya tana share hawaye.

Da aka gama lodi Ya'u ya leƙo ta taga ya ce, "Radiyya, don Allah kar ki mayar min da alhamzar nan. Tunda nake ba a taɓa yi min murna haka ba."