Cikin da kuka ƙirga wa watanni

Salamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar atamfa ku yi haƙuri. Masu leƙowa don ganin hoton jariri kuma ku gyara zama, da ku nake.

Shekara uku da rasuwar maigidana Alhaji, Allah Ya jiƙansa, al'adata ta rikice. Jini kamar an kwance famfo, kwana goma, sha biyu, har da gudaji. Matakalar shagona a kasuwar Kwari sai na huta sau biyu kafin in hau. Daga nan mara ta fara tasowa.

Ni da nake gane jabun atamfa tun daga bakin ƙofa, na kasa gane abin da ke jikina.

Matan layinmu a Sheshe kuwa sun gane. Bazawara, 'yar kasuwa mai ciniki cikin maza, ga ciki. Me ya rage? A gidan biki wata ta dube ni ta ce, "Hajiya Rabi, kasuwa ta yi albarka, har ta nuna a gaba." Aka kwashe da dariya.

Goggo, ƙanwar mahaifina, ita ta kawo mafita. Ta ce, "Kwantaccen ciki ne, 'yar nan. Na marigayi ne ya kwanta, yanzu ya tashi."

Na yi makaranta, na san ɗa ba ya barcin shekara uku. Amma na hango riba a maganar, ta toshe bakuna. Kuma na san ranar da aka ji an kwantar da ni a asibiti, cewa za a yi na je zubarwa. Sai na zauna a gida ina shan jiƙon Goggo na tayar da ciki.

Wata huɗu ina wannan wautar.

Ran nan ina ware wa wata mata turmin atamfa a shago, sai na ga duhu. A adaidaita sahu na farfaɗo, maƙwabtan shago na riƙe da ni.

Gwajin jini, gwajin fitsari, hoton ciki. Likitar, mace ce, ta ce, "Hajiya, babu ɗa. Ƙari ne a mahaifa, kuma ba ɗaya ba. Jininki ya kusa ƙarewa. Me kike jira?"

Na ce, "Bakin mutane."

Ta ce, "Su za su ba ki jini?"

Leda uku aka ƙara min. Yayana ya ba da ɗaya, mazan kasuwar nan da kuke zargina da su suka ba da biyu. Safar hannu, ruwa, allura, komai sai an sayo. Awarwaron gwal ɗina na sayar aka yi aikin.

Da aka miƙo takardar amincewa a cire mahaifa in ta kama, na sa hannu. 'Ya'yana mata biyu kawai nake gani. In na mutu, wa zai aurar da su?

An cire mahaifar. Likita ta ce da na zo da wuri, da wataƙila an bar min abata.

Goggo ta zauna bakin gado tana kuka. "Asiri na so in rufa miki." Na yafe mata, ita don ƙauna ta yi. Ku fa?

Alhamdulillahi, na tashi, na koma shago. Likitata, ma'aikatan jinya, Yaya da maƙwabtana, Allah Ya biya ku.

'Yar'uwa, in jini ya wuce kwanakinsa, ko kina canza ƙunzugu ba ƙaƙƙautawa, ko mara ta taso, ki je a yi miki hoto. Ko mijinki na raye, ko ya mutu, ko ba ki taɓa aure ba. Kada ki bari kunya ta rubuta miki magani.

Ke kuma ta gidan biki, hoton abin da aka ciro yana wayata. Ki zo barka, ki faɗa min da wa ya yi kama.