Hannu Sama a Kwanar Rikkos

Muna isa kwanar Rikkos, ni da maƙwabciyarmu Mama Rifkatu, sai na ga ta ɗaga hannu sama.

Lokacin ba a daɗe da janye sojoji ba bayan rikici. Da suna nan, ba mai wuce shingensu sai hannu sama, ko ya sha tsallen kwaɗo. Amma ranar akuya ce kawai kwance kan buhunan yashinsu.

Na ce, "Mama, ai su oga sun tafi!"

Ta ce, "Na sani, ɗana, hannun ne bai samu labari ba. Kai naka me yake yi a sama?"

Wallahi ban san na ɗaga ba! Muka yi ta dariya, har na ga tana share ido da bakin zani.

'Yan Jos, ku yaushe naku ya sauka?